Idan Majinyaci Ya Ce Ya Gaji

'Ya'yana da jikokina na Zango, maza da mata: Akwai wata magana da ta fara yawo a wayoyinku da wuraren shan ataya, a nan Kumasi daga Aboabo zuwa Sabon Zango har Tafo, musamman tun da 'yan'uwanku da ke Ingila da Kanada suka riƙa turo muku labarinta: wai a yi doka ta ba likita damar taimaka wa mai ciwon ajali ya mutu, in shi ya nema da bakinsa. Wasunku da suka ji sai suka ce a'uzu billahi, suka wuce. Wasu kuwa, musamman waɗanda suka taɓa kwana a gefen gadon uwa ko uba a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, shiru suka yi, domin sun ga abin da ido ba ya son gani. Da ku duka nake magana, amma zuciyata ta fi karkata ga masu shirun.

Abin ba tatsuniya ba ne. Jihar Oregon ta Amurka tana da irin wannan doka tun 1997. Holan da Beljiyam sun bi a 2002, Kanada a 2016. A Ingila, majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a ranar 29 ga Nuwamba 2024, mutum 330 suka goyi bayan ƙudurin, 275 suka ƙi. Da aka sake zama ranar 20 ga Yuni 2025, sai tazarar ta ragu zuwa 314 da 291, aka miƙa shi ga majalisar dattawa. Sharaɗin da suka rubuta shi ne mutum ya zama baligi mai hankali, likitoci biyu su tabbatar bai fi wata shida ya rage masa ba, kuma shi zai sha maganin da hannunsa.

Kada ku ɗauka masu wannan ra'ayi duk marasa imani ne ko marasa tausayi. Da yawansu sun ga mahaifi yana birgima saboda ciwon daji da ya ci ƙashi, suka rantse ba za su bari a yi wa wani haka ba. Tausayi ne ya kai su can. Ni ban bi su ba, kuma ba na so ku bi su, amma wanda bai taɓa jin kukan mai sankara da tsakar dare ba, ya sassauta harshensa in ana wannan zance.

A nan Ghana ƙofar a rufe take. Tsarin mulkin 1992 ya kare rai a sashe na 13. Dokar laifuka ta 1960 ta ce yardar mutum ba ta halatta kashe shi, kuma sashe na 57 ya sa taimaka wa wani ya kashe kansa cikin manyan laifuka, wanda hukuncinsa kan iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Abin da ya canja a watan Maris na 2023 daban ne: majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, don wanda ya kai wannan matsayi a kai shi wurin likita maimakon ofishin 'yan sanda. Na ji daɗin wannan gyara. Shekara da shekaru iyalai suna ɓoye yaro mai ciwon damuwa don tsoron kotu da tsoron bakin unguwa. In ɗayanku yana jin duniya ta yi masa ƙunci har yana tunanin ya rabu da ita, ya sami babba ko likita ya faɗa masa yau, babu mai kama shi. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ta fi kusantar buɗe waccan ƙofa: a 2015 wata kotu a Pretoria ta ba wani lauya mai ciwon daji, Robin Stransham-Ford, izinin likita ya taimaka masa, sai dai ya riga ya cika sa'o'i kaɗan kafin a karanta hukuncin, kuma babbar kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2016.

Hukuncin addininmu kun san shi tun kuna makarantar allo. Rai amana ne a hannun mai shi, Suratun Nisa'i ta hana mutum ya kashe kansa, kuma Bukhari ya kawo labarin wani cikin mutanen da suka gabata da ya ji rauni, zafi ya ishe shi, ya yanke hannunsa har jini ya ƙare, aka hana shi Aljanna saboda gaggawar da ya yi. Likitan da ya ba da maganin kisa, da ɗan da ya sayo shi, duk hannunsu na ciki ko da majinyacin ne ya roƙa. Maƙwabtanmu Kirista ma da yawansu a nan suka tsaya: a watan Oktoba na 2019 malaman Musulunci da na Kirista da na Yahudu sun sa hannu kan takarda ɗaya a fadar Paparoma, suna ƙin kisan majinyaci, suna kuma neman a inganta kula da shi.

Inda na fi so ku tsaya ku fahimta shi ne abin da addinin bai hana ba, domin rashin sanin wannan ya jefa gidaje da yawa cikin azaba da bashi da zargin juna. Ba wa mutum abin da zai kashe shi daban yake da dakatar da maganin da ya daina amfani. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa kuma ta zauna a Makka a 1987, duka suka yarda cewa in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu babu dawowa, ya halatta a cire na'urar da ke hura wa mutum numfashi. Ta Makka ta ce likitocin su zama uku. Haka nan malamai da yawa tun na da can ba su ɗauki neman magani wajibi ba in ba a sa ran warkewa da shi. Tsohuwar da ciwon daji ya gama bazuwa a jikinta, ta ce ta gaji da ƙarin ruwan da ke sa ta amai, a mai da ita ɗakinta ta ƙarasa kwanakinta tana jin kiran sallar masallacin unguwarsu, ba ta yi saɓo ba. 'Ya'yan da suka amsa mata kuma ba su kashe ta ba. Ciwon ne zai yi ajalinta a lokacin da Allah Ya rubuta. Na sha ganin ƙane yana ce wa wansa, “Kai ka sa hannu aka sallamo Inna, kai ka kashe ta,” zumunci ya lalace har tsufansu, alhali babu laifin kowa. In kun shiga irin wannan hali, ku haɗa likita da malami mai ilimi a zama ɗaya, kowa ya faɗi nasa a gaban 'ya'ya duka, mata da maza, har wanda ke waje a sa shi a waya.

Sannan kada ku tsorata ko ku yi faɗa in majinyaci ya ce, “Ni dai na gaji, da ma Allah Ya ɗauke ni.” An hore mu kada mu yi burin mutuwa, mu roƙi abin da ya fi alheri tsakanin rayuwa da rasuwa, wannan gaskiya ne. Amma Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kai kukan ciwonsa ga Ubangijinsa, Nana Maryamu kuma a lokacin naƙuda ta yi fatan da ta mutu kafin ranar. Mai ciwon da ya furta haka bai fita daga imani ba. Wa'azi mai zafi a wannan lokaci rufe masa baki kawai zai yi. Ku matso kusa, ku tambaye shi a hankali: Baba, me ya fi damun ka? Amsar da za ku ji takan ba da mamaki.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Allah Ya jiƙan ta, ta kwana biyu tana ƙin abinci tana cewa a bar ta ta tafi. Kowa ya ɗauka zafin ciwo ne. Sai da wata aminiyarta ta zauna da ita su biyu, sannan ta ce ta ji 'ya'yanta a tsakar gida suna gardama kan wanda zai biya kuɗin magani na wannan wata, kuma ta ji an ce jikarta ta bar makaranta don ta zauna da ita. Bangon ɗakunanmu na gidan haya ba ya riƙe magana. Da aka daina lissafi a kusa da tagarta, aka mai da yarinyar makaranta, aka raba kwana tsakanin manya, sai ta koma shan kokonta, ta ƙara watanni tana yi wa jikoki addu'a.

Ba a Zango kaɗai haka take ba. Rahoton da jihar Oregon ke fitarwa kowace shekara yana nuna cewa zafin ciwo ba shi ne kan gaba cikin dalilan masu neman maganin ba. Rasa ikon yi wa kai abu, da kasa yin abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, su ne a sama. A Kanada mutum 15,343 suka mutu ta wannan hanya a 2023, kusan ɗaya cikin kowane mutum 20 da suka rasu a ƙasar a shekarar, kuma kusan rabinsu sun ambaci jin cewa sun zame wa iyali ko masu jinya nauyi. Dokar da suka fara a 2016 don waɗanda mutuwa ta kusato, a 2021 suka faɗaɗa ta ta shafi masu ciwo mai tsanani ko da ajali bai nuna alamar kusatowa ba. Wannan a ƙasar da gwamnati ke biyan kuɗin asibiti ke nan.

To ku auna da namu. Mun fito daga zamanin da sai ka biya kafin a taɓa ka, har aka kafa inshorar lafiya a 2003, amma kowa ya san akwai abin da katin ba ya ɗauka. Ku tuna 2023, lokacin da sashen wankin ƙoda na Korle Bu a Akra ya rufe wa masu zuwa daga gida tsawon watanni saboda bashi, aka kuma liƙa sanarwar ƙara kuɗin wanki ɗaya daga sidi 380 zuwa 765 har sai da jama'a suka yi ca. Mai ciwon ƙoda yana bukatar wanki sau biyu ko uku a mako. Sai a watan Disamba na 2024 aka fara yin sa kyauta a ƙarƙashin inshora. A ƙasa irin wannan, in aka ce ga allura mai arha da za ta kawo ƙarshen komai, wa kuke tsammani zai fara miƙa hannu? Mai gida a Nhyiaeso da 'ya'ya a waje zai nemi wani likitan. Mai sayar da goro a Alabar, da 'yar kayaye mai dako da ta zo daga arewa ba ta da kowa a Kumasi, da tsohon da ya ga an sa filin gado a kasuwa saboda shi, su ne za su ce sun yarda. A takarda za a rubuta cewa zaɓinsu ne. Ni kuwa ba na kiran abu zaɓi in talauci ne ya tsaya a bayan mutum yana tura shi.

Amma fa in muka ce a'a ga allurar, akwai bashi a wuyanmu, domin ba ya halatta mu ce wa mutum ya yi haƙuri sannan mu bar shi yana ihu. Yawancin zafin ciwon daji yana da magani, kuma maganin tsoho ne mai arha, sunansa mofin. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rabawa. Abin da ke ci mini rai shi ne yaro mai ƙarfi a jika yana iya samun tiramol a lungu ya lalata kansa, kakarsa kuwa da ke da haƙƙin maganin zafi sai an yi ta yawo da takarda daga wannan kantin magani zuwa wancan. Yuganda ba ta fi mu arziki ba, amma ta nuna hanya. Wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Kampala a 1993, ta riƙa haɗa garin mofin da ruwa a kwalba ana ba majinyata su sha a gida. A 2004 ƙasar ta yarda nas-nas da aka horar su riƙa rubuta shi, ba sai likita ba, kuma majinyaci kyauta yake karɓa. In 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a a Asawase, ku matasa ku tambaye su wannan: yaushe maganin zafi zai wadata a ƙananan asibitoci, yaushe za a sami nas mai bin gida-gida?

Kafin nan, ku yi amfani da abin da ke akwai. Korle Bu da Gee duk suna da likitoci da nas-nas waɗanda aikinsu shi ne sauƙaƙa wa wanda ciwonsa ba ya warkewa. In an ce muku babu sauran abin yi, ku ce a haɗa ku da su. Kada ku ji tsoron mofin in likita ne ya auna shi. Mutanenmu suna cewa ai shi ne ke ƙarasa mutum, don sun ga an ba wani a daren ƙarshe ya cika da safe. Ciwon ne ya ƙarasa shi, maganin an makara ne da ba shi. Ana shan sa a kan lokaci, yawanci duk bayan awa huɗu, ba a jira sai zafi ya tashi. Yana sa bayan gida ya yi tauri, saboda haka ku nemi maganin wannan tare. Ku kulle shi inda yara da samari ba za su kai ba. Sauƙaƙa wa mara lafiya zafi da niyyar ya samu ya yi barci, ya yi salla, ya gane 'ya'yansa, aikin lada ne.

Wata magana a taƙaice ga 'yan matana: ciwon da ake kira na ajali, sau da yawa da farkonsa ba na ajali ba ne. Dakta Beatrice Wiafe Addai ta asibitin Peace and Love da ke Oduom ta daɗe tana roƙon mata su zo da wuri in sun ji ƙullutu a nono. Kunya da shafe-shafen masu tallar magani a rediyo sun ci mana mata da yawa. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti.

Sai jinyar kanta, wadda ita ce ainihin amsar da muke da ita. Maƙwabtanmu Tonawa suna da karin magana cewa dangi gawa suke so, kuma mu ma ta taɓa mu. Ranar addu'ar bakwai da ta arba'in za ka ga rumfuna sun tare hanya, an yanka sa, an yi anko, wanda ke waje ya sauka da akwatuna. Amma watanni shida da mamacin ya yi a kwance, mace ɗaya ce ke wanke shi, ko matarsa da ita ma ta tsufa, ko 'yar da ba ta yi aure ba, ko surukar da babu mai gode mata. Rabin kuɗin rumfar nan da ya sayi katifa mai kyau da magani da wanda zai karɓe ta ta yi barci. Ku samari, wanke mahaifi da juya shi ba aikin mata ba ne, naku ne, shi ma ya fi sakewa da hannun ɗansa. Mai kwance ana juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambo ya fito masa a baya da ƙugu. Ana shafa masa mai, ana jiƙa masa leɓe in ya kasa haɗiya, ba a ɗura masa tuwo dole in jiki ya daina karɓa, don yakan shaƙe. A taimaka masa da taimama, ya yi salla a kwance yadda ya iya. A rage taron masu dubiya in ya gaji, a bar mutum ɗaya ko biyu da yake so. Kada a yi maganarsa a kansa kamar ba ya nan, domin kunne kan jima yana ji bayan baki ya yi shiru.

Ku da ke ƙasashen waje, kuɗin da kuke turowa ta waya yana da amfani ƙwarai, Allah Ya saka. Amma zumunci a ƙafa yake. In ƙafa ba za ta iya zuwa ba saboda takardu, to murya ta zo kullum, kuma kada ka zauna a Bronx ko Hamburg kana ba ƙanwarka umarni kana tuhumarta da sakaci. Ka tambaye ta ita ma yaya jikinta.

Abu na ƙarshe da muke yi wa majinyatanmu ba daidai ba, da sunan tausayi, shi ne ɓoye musu gaskiya. Mu ja likita gefe mu ce kada ya faɗa wa Baba, sannan mu shigo muna cewa sauƙi na nan tafe. Baba kuwa ya fi kowa sanin jikinsa, sai shi ma ya riƙa yi mana ƙarya don kada mu damu, kowa ya kwana da nasa shi kaɗai. Ba na ce a jefa masa magana kamar dutse ba, kuma babu likitan da ya san rana. A bi shi a hankali, a faɗa masa gwargwadon abin da ya nemi sani. Mutum yana da bashin da zai biya, da amanar da zai mayar, da wanda zai nemi gafararsa, da wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. In an hana shi sani an hana shi duk wannan.

Shi ya sa ban jira ciwo ba. Na tara 'ya'yana, maza da mata, har wanda ke waje ta waya, na faɗa musu a zama ɗaya don kada gobe wani ya ce bai ji ba. In ciwo mai magani ne, a nema mini iyakar ƙarfi. In likitoci masu amana sun ce ya wuce nan, kada a sayar da gidan da ƙannensu ke ciki don a ƙara mini kwanaki a jikin na'ura, a ba ni maganin zafi isasshe, a kawo ni gida. Kada kowa ya ba ni abin da zai gaggauta mini, ko da zafi ya sa na roƙa. Bashin da ake bi na da wanda nake bi suna rubuce, babbar 'yata da limamin unguwa sun san inda takardar take.